Shekarar da Na Ba Filin Shaida Taki

Ku ajiye salular nan tukuna. Kai mai jar hula, tun da safe na ji kana gaya wa ɗan'uwanka wai aikin makiyaya ba wani abu ba ne, a watsa taki, a jira ruwa, a zo a ɗauki hoto a aika biro, wato ofis. Ban tanka maka ba don muna gaban mutanen gari. Yanzu da muka samu inuwa, shayin ma bai nuna ba, ku matso. An turo ku sitaj wurina, koyon aiki a fili, to sitaj ɗin ke nan za a fara. Ni Mutari na tsufa a ma'aikatar kiwo, kuma abin da zan gaya muku ba ya cikin kayen rubutun da kuka zo da shi daga lakwal, wato makaranta.

Ƙasarmu ta Damagaram yashi ce, kuma yunwar da ta fi damunta ita ce ta takin fosfat. In kun dubi makiyaya da damina za ku ga kore ko'ina, ku ce Alhamdulillahi. Ku tsuguna ku duba da kyau. Akwai ciyawa zalla, su ƙarangiya, komayya, kyasuwa. Akwai kuma dangin wake masu yaɗo a ƙasa, gadagi da marak. Ciyawa tuwo ce, gadagi shi ne miya. Saniyar da ta samu gadagi ita ke kawo nono, ita ke kai rani da ƙarfinta. In ka zuba takin ure, ciyawa ce ke tashi da gudu ta rufe gadagi ta kashe shi da inuwa, fili ya yi kyau a ido, dabba ta ci ta cika ciki ba ta ƙaru ba. In ka zuba fosfat ba ka ganin komai sati biyu, sati uku, har mutane su fara cewa an cuce su. Daga baya gadagi ya kama ƙasa, ya yaɗu, kuma shi da kansa yake ciyar da ciyawar da ke kusa da shi.

Wanda ya koya mini wannan shi ne shugabana Shef Laminu, Allah ya jiƙansa. Dogo ne siriri, ɗan Birni, mai gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ranar da na fara aiki bai tambayi diplom ɗina ba. Ya tumɓuke gadagi guda, ya wanke saiwar da ruwan butarsa, ya nuna mini wasu ƙananan ƙululai a jikinta kamar ƙwayar gero. Ya ce in fasa ɗaya da farce. Na fasa, cikinsa ja-ja. Ya ce, "In ka ga ja, tsiron yana aiki. In ka ga fari, zaune yake kamar ma'aikacin biro." Daga nan ya miƙo mini ƙwarya cike da yashi, ya share fili, ya ce in watsa kamar taki ne. Sati guda cur ina watsa yashi a tsakar ma'aikata, mutane na wucewa suna tambaya ko lafiya. Sai ya bi bayana yana duba ƙasa, in ya ga inda ya taru ya ce in share in sake. Taku ɗaya, hannu ɗaya, kada ka yi sauri, kada ka tsaya gaisuwa. Lokacin har fosfat na garin dutsen Tawa ake kawo mana, mai laushi kamar toka, in ba ka cakuɗa shi da danshin yashi ba iska ta kwashe rabi ta kai gonar wanda bai roƙa ba, sauran rabin kuma a hancinka.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙarfe mai kusurwa huɗu, mita ɗaya kowane gefe, ka jefa shi ta bayanka ba tare da ka duba ba, inda ya faɗi nan za ka yanka. Akwai lauje, da ma'auni mai ƙugiya, da buhuna, da turaku masu fenti ja da fari. Akwai keji na giriyaj, saƙar waya, da ake kifawa a kan ciyawa don dabba kada ta ci wurin da za a auna, tunda makiyaya ce, ba a hana kiwo. Kejin nan kuwa, duk garin da muka kai guda goma, bayan wata ɗaya sai ka tarar da shida a fili, huɗu a cikin gari da 'yan tsaki a ciki, kuma kowa ya rantse iska ce ta kawo. In an yanka, sai a zauna a tsince da hannu, gadagi da marak gefe guda, ciyawa gefe guda. Kai mai jar hula, gobe kai za ka tsince buhun da ƙarangiya ta fi yawa, sai mu ji ko hoto ne aikin.

Amma abin da ya fi duk waɗannan shi ne filin shaida. Duk inda ka zuba taki, dole ka bar wani fili kusa da shi, irin ƙasarsa, irin ruwansa, irin dabbobin da ke kiwo a kansa, ba ka zuba masa komai. Shi zai gaya maka ko takin ne ya yi aiki ko damina ce ta yi kyau. In babu shi, duk abin da ka rubuta hira ce. Shef Laminu yakan ce filin shaida ya fi mai takin tsada, don barin sa da yunwa da gangan ba kowa ke iyawa ba. Ni lokacin ina gyaɗa kai kawai, ina ganin ai ba abin da ya fi rashin yin komai sauƙi.

To, ga shekarar da nake so ku ji. Wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo da niyyar gyara makiyayan kanto guda, ƙasar sarki ɗaya ke nan, a wajen Guna. Mutanen biro a Damagaram ure suke so, don in baƙi sun zo da mota su ga kore nan da nan. Shef Laminu ya shekara da shekaru yana musu da su a kan fosfat, har an sa masa suna Malam Gadagi. Ƙarshe aka ce to, an ba shi damina ɗaya da fili ɗaya. In ma'auni ya nuna bambanci, a sayo fosfat a zuba wa makiyayan kanto duka. In bai nuna ba, ya yi shiru har abada.

Filin da aka zaɓa yana tsakanin garuruwa biyu, Tudun Gawo a sama, Rijiyar Dutsi a gangare. Shef ya ce a zuba takin a gangare, a bar shaida a sama, don kada ruwa ya wanko taki ya shigar da shi inda ba a so. Hankali ne wannan, ba wanda zai ce ba hankali ba ne. Aka kafa jajayen turaku wajen Rijiya, farare wajen Tudu. Abin da Shef bai sani ba, garuruwan nan biyu tun kakanni suke auna juna. In an yi wa masallacin Rijiya fenti, mutanen Tudu ba sa barci sai sun yi wa nasu. Muka zuba taki, buhu uku suka rage, ya kulle su a mangaza, ɗakin ajiyarmu, ya ba ni makulli, ya hau moto ya koma Damagaram. Ni kuwa wata bakwai ke nan da na auri Cima, 'yar Malam Kalla na Tudun Gawo.

Kun san tsakanin mutum da surukinsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, shi ma bai taɓa kallon idona ba. In na hango shi tun daga nesa nake cire takalmi. Malam Kalla yana da wani farin sa mai jan amalanke, yana ce masa Fari, kuma duk maganar da yake so in ji, da san nan yake yin ta.

Kwana uku da kafa turaku na je gaishe shi. Na tsuguna, ya amsa, ya juya yana shafa wuyan sa.

"Ka gani ko, Fari?" in ji shi. "Mutanen Rijiya an zuba musu abin Nasara. Mu kuwa an kafa mana fararen itace kamar maƙabarta."

Na ce, "Baba, ai naku shi ne filin shaida. Shi ne ma babba a aikin."

"Ka ji, Fari, wai mu ne shaidu. Kai tun da kake, ka taɓa ganin an kira mutum shaidar ɗaurin aure an hana shi goro?"

Na shiga zane a ƙasa da tsinke.

"Kuma an ce makullin yana hannun ɗanmu. To, ba komai. Allah ya ba mu haƙuri, Fari."

Sau uku ana yin haka. A na ukun har da labarin yadda ya hana wani mai shanu arba'in Cima ya ba ma'aikacin gwamnati, don yana zaton ma'aikaci yana da amfani. San yana tuƙa, ni ina zufa. In na koma gida Cima ta ajiye tuwo ta ce a bakin rijiya mata sun sa mata suna matar mai makulli, kuma innarta ta tambaya ko wani laifi suka yi mini. Gaba kura, baya sayaki. Na ce a raina, kwano biyu uku zan yayyafa a bakin fili, don a ce an yi, ba zai taɓa ma'auni ba.

Ranar kasuwar Miriya, da rana tsaka, garuruwan biyu duk sun watse, na buɗe mangaza. Da na zuba kwano uku na dubi filin, sai na ga kamar ban yi komai ba. Na ƙara. Na ce tunda an buɗe buhu ai ba a mai da shi rabi, Shef zai gane. Da buhun ya ƙare na ce biyu a mangaza ma tambaya za su jawo, gara a ce ɓarayi sun kwashe duka. Haka Shaiɗan ke lissafi, kuma ya fi ni iya lissafi. Duk takun nan da na yi sati ina koya ban yi ko ɗaya ba, gudu nake ina watsawa ina waige. Kafin la'asar filin shaida ya sha taki fiye da filin takin. Da yamma na je gidan Malam Kalla na tsuguna, na rasa ta inda zan fara, sai na juya wajen sa na ce, "Fari, an zuba. Amma don Allah kada kowa ya ji." Malam Kalla ya ce, "Fari ba shi da surutu."

Damina ta yi kyau a shekarar, kamar da gayya. Wajen Rijiya gadagi ya fito yadda ake so. Wajen Tudu kuwa, wane mutum. Ya shimfiɗu, ya hau kan turaku, marak ya cika tsakani har ba ka ganin yashi. Kowace safiya in na zo na gan shi sai in kau da kai. Har akuyar limamin Tudu ta shiga da raɓa ta ci marak ɗanye cikinta ya kumbura kamar ganga, sai da na ɗura mata man gyaɗa na yi ta zagaya gari da ita kafin ta yi gyatsa. Ku riƙe wannan ma, inda fosfat ya tayar da marak ba a sakin dabba da yunwa da sassafe, a bari raɓa ta bushe, a fara ba ta busasshen abu. Liman ya yi ta sa mini albarka, yana yi mini wani irin murmushi. Tun a nan ya kamata in gane Fari ya yi magana.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarshen damina Shef Laminu ya iso da ma'auninsa da kayensa, da sabuwar riga, don ya tabbata ranarsa ce. Muka ɗaga keji, muka yanka, muka tsince, muka rataya. Ya rubuta na Rijiya yana murmushi. Muka hau Tudu. Tun daga nesa ya rage tafiya. Muka yanka, muka rataya, ya dubi allurar ma'auni, ya cire gilashi ya goge ya sake duba. Ya ce a sake jefa ƙarfe a wani wuri. Aka sake. Ya aika aka sayo sukari kilo ɗaya a gari ya rataya don ya gwada ma'aunin, ma'auni lafiyarsa lau. Ya tumɓuke gadagi ya fasa ƙululun, ja wur.

Sai ya je gindin gawo ya zauna a ƙasa da sabuwar rigarsa. Kun san gawo ba shi da ganye da damina, rana ce kawai a wurin, amma bai lura ba. Can ya ce, "Mutari, ashe shekara ashirin ina yi wa mutane ƙarya ban sani ba. Filin da ba a ba komai ba ya fi wanda aka ba."

Na ce, "Shef, ko dai a sake aunawa gobe?"

"An auna. Abin da ma'auni ya faɗa shi za a rubuta, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba. Su sayi urensu."

Ya buɗe kaye a kan gwiwa ya ciro bik ɗinsa na rubutu. Ina so in ce muku a nan na buɗe baki na faɗi gaskiya. Ban buɗe ba. Ina tsaye da lauje a hannu, ina kallon mutumin da ya koya mini aiki zai rubuta abin da zai kashe maganarsa, ya hana dabbobin kanto guda abin da na san da idona yana yi musu amfani, ni kuma tunanin aikina nake da abin da zan gaya wa Cima in an kore ni. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba, kuma duk da haka bakina a rufe.

Sai muka ji sallama. Mai garin Tudun Gawo ne a gaba, liman na biye, sai Malam Kalla da babbar riga, da dattawa kamar shida. An riƙo zabi biyu da ƙwaryar nono. Sun ji babban shef ya zo, sun ce ba zai koma ba a yi masa godiya ba. Aka shimfiɗa tabarma, liman ya yi addu'a doguwa, aka shafa. Malam Kalla ya gyara murya. Shi da Shef ba kunya tsakaninsu, don haka ba a buƙaci Fari ba.

"Ranka ya daɗe, mun zo ne mu gaya maka ka iya tarbiyya. Yaron nan naka ɗan halak ne. Da aka manta da mu a rabo, bai bari mun ji kunya gaban mutanen Rijiya ba. Buhu uku, shi kaɗai, da rana tsaka, ko mai taya shi babu. Kuma bai so a sani ba, irin sadakar da malamai ke faɗa."

Liman ya ce, "Hannun hagu bai san abin da dama ta bayar ba."

Dattawa suka ce haka ne, Allah ya ƙara masa girma. Ni kuwa ina neman ramin da zan shiga, ko na gafiya ne.

Shef Laminu ya rufe kayen a hankali. Ya ce, "Buhu nawa kuka ce, Malam?"

"Uku, ranka ya daɗe. Bai rage ko ƙwaya ba."

"A cikin fararen turaku?"

"Kaf. Ai ga shi kana gani, mun fi su."

Shef ya dubi filin, ya dube ni. Na ga leɓensa na rawa, ban sani ba dariya ce ko zagi, ina jin shi ma bai sani ba. Ya karɓi zabin da hannu biyu, ya sha nono, ya yi godiya yadda ta kamata, ya raka su har bakin hanya. Da ya dawo ya ce, "Riƙe mini zabin nan." Na riƙe. Ya ce, "Yau ka mayar mini da shekara ashirin ɗina, kuma ka cinye wa kanto shekara guda. Ban san wanne zan fara biyanka ba." Ya tuna mini abin da na riga na sani, cewa fosfat ba ya barin ƙasa da damina ɗaya, filin nan ya tashi daga shaida har wasu shekaru, sai an nemi sabo.

Rapor ɗin, wato rahoton da ya rubuta, ya karanta mini shi kafin ya kai. Sunana na ciki, da buhu uku, da ranar kasuwa. Nasa laifin ma na ciki, cewa ya raba fili tsakanin gari biyu bai zauna da dattawansu ba. An yi masa dariya a biro har ta ishe su, wani ma ya riƙa kiran sa Malam Zabo. Da ƙyar aka ƙara masa damina ɗaya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni ba a kore ni ba, kuma jinkirin nan ba ni na biya shi ba. Dabbobin mutane ne suka ƙara shekara guda a makiyaya marar gadagi, kuma na ga shanun da ake ɗagawa da itace da rani saboda rama. Wannan ba na ba da shi da dariya.

Da damina ta kewayo aka nemi sabon fili. Shef ya zauna da dattawan garuruwan biyu, kowane gari aka ba shi jan turke da farin turke nasa, don kada wani ya ce an fi shi ko a yunwa. Sakamakon kun san shi, fosfat ya yi nasara, shi ne aka koya muku a lakwal kamar daga sama ya faɗo. Abin da ba a koya muku ba shi ne hukuncina. Aka kafa mini bukka a bakin filin, ni ne mai gadi damina guda. Shef ya bar buhu ɗaya a mangaza da gangan, ya rataya mini makullin a wuya da igiya, ya ce yana so ya tarar da buhun da ɗinkinsa.

Kwana biyar da zuba taki, da hantsi, sai ga Malam Kalla ya jawo Fari. Na cire takalmi na tsuguna. Ya amsa gaisuwa, ya tsaya daidai farin turke na Tudu yana shafa wuyan sa.

"Ka gani ko, Fari? Bana ma an bar mana wani gefe da yunwa. Kuma an ce akwai buhu guda a ajiye, yana nan yana shan ƙura."

Na ji makullin nan a ƙirjina ya yi nauyi. Na dubi ƙasa, na ce, "Baba, ba zan zuba ba. Ko kwano ɗaya. Ka yi haƙuri."

Sa ya daina tuƙa, ko ni ne na ga haka. Ina jiran a ce in aiko wa Cima da takardar sakinta. Sai Malam Kalla ya juyo, ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"To, madalla," in ji shi. "Ai da bara ma haka ka ce, da ba mu yi asarar zabi biyu ba. Ni da sana nake hira, wa ya ce ka sa mana baki?"

Ya ja igiya suka wuce wajen jajayen turaku.